Lissafin da ake zanawa a ƙasa, daga Garwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Har yanzu ina Garwa, a arewacin Kamaru. In kun ji ƙarar babura ku yi haƙuri, a ƙofar gida nake, zafin garin nan ba ya barin mutum ya zauna a ɗaki.

Wannan littafin 'yar maimasaukina ne, bana za ta zana jarrabawar BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare. Da Faransanci suke karatu, nawa kuwa bai wuce na gaisuwa da ciniki ba, amma ina ganin (a + b)² na gane ɗan gida. Ta haddace amsar tsaf: a² + 2ab + b². Na ce, “'Yata, shi 2ab ɗin nan daga ina ya fito?” Ta ce, “Baffa, haka malam ya rubuta.” Irin wannan haddar ce ke fara gudu ranar jarrabawa, sai yaro ya rubuta a² + b² ya yi gaba abinsa.

To ku dubi ƙasa, ga kara a hannuna. Fili ne na zana, tsawonsa 14, faɗinsa 13. Na raba 14 zuwa 10 da 4, na raba 13 zuwa 10 da 3. Layi ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, ɗakuna huɗu sun fito. Babban 100 ne. Dogayen nan biyu, 40 da 30. Ɗan mitsitsin da ke kusurwa, 12. Jimla 182. Yanzu share goman nan, sa x a gurbinsa: (x + 4)(x + 3) ya ba da x² + 7x + 12. Dogayen ɗakunan ne suka haɗu suka zama 7x. A (a + b)² kuwa girmansu ɗaya, ab da ab, ga 2ab ɗinki nan 'yata.

Wanda ya fi burge ni shi ne na almakashi. Ga kwali, 20 ta kowane gefe, wato 400. Na yanke kusurwa, 3 ta kowane gefe, 9 sun tafi, saura 391. Kun ga ɗan zirin da ya rage a gefen wurin yankan? Tsawonsa 17, faɗinsa 3. Na datse shi, na juya, na manna a ɗaya gefen. Ya zauna daram, ba gibi ba ƙari. Kwalin ya koma 23 a tsaye, 17 a kwance. Ashe 23 sau 17 shi ne 400 a cire 9. Duk abin da a² − b² = (a + b)(a − b) ke faɗa ke nan.

A kasuwa ma yana aiki. A ce kwano 18, kowanne sefa 220. Ajiye sifilin 220, ya zama 22. Tsakiyar 18 da 22 ita ce 20, tazarar 2 ce ta kowane gefe, sai 400 a cire 4, saura 396, a mayar da sifilin, kuɗi 3,960 tun mai kaya bai zaro waya ba. Amma fa sai tsakiyar ta faɗo kan lamba mai sauƙi, in ba haka ba wahalar ta fi ribar.

Kuma kada wani ya ce zanen ƙasa wasan yara ne. Al-Khwarizmi, da ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, babu x ko ɗaya a ciki, da kalmomi ya yi bayani, da irin waɗannan zane-zanen ya kafa hujja.

Na ba ta 47 sau 53. Ku ma ku gwada, ban da waya.