Takardun Fada Angelo Secchi: yadda ake karanta su da yadda ake adana su

Jama'a, barkanmu da war haka. Mutumin da za mu buɗe akwatin takardunsa yau shi ne Angelo Secchi, limamin Katolika na ƙungiyar Jesuit. An haife shi a Reggio Emilia ta Italiya a 1818, ya rasu a Roma a 1878. Rikicin juyin juya hali na 1848 a Roma ya kore shi zuwa Stonyhurst a Ingila, daga nan ya wuce Georgetown a Amurka. Da ya dawo gida aka ba shi shugabancin ɗakin duban taurari na kwalejin Collegio Romano, ya kafa sabo a kan rufin cocin Sant'Ignazio.

Takardunsa ba wuri guda suke ba. Bayan sojojin Italiya sun shiga Roma a 1870 gwamnati ta ƙwace kwalejin, da ya rasu kuma ta karɓe ɗakin duban. Shi ya sa wani kaso yake a Jami'ar Gregoriana ta 'yan Jesuit da ke Roma, wani kuma a hannun cibiyar nazarin taurari ta Roma. Wanda ya duba ɓangare ɗaya ya tsaya, rabin labari ya ji.

A ganina, littafin da ya riƙa rubutu da dare a gaban madubin hangen nesa ya fi wanda aka buga daraja, domin a nan ake ganin gyara da sokewa. Taurari kusan 4,000 ya duba haskensu kafin ya kasa su gida huɗu zuwa 1868. Amma a kula da tarko. Masu duban taurari na lokacin daga tsakar rana suke fara ƙirga yini, ba a daina haka ba sai 1925. Abin da aka gani ƙarfe biyu na dare, wayewar garin 11 ga wata, za ka iske an rubuta shi 10 ga wata, awa 14. In mai kwafa ya manta da wannan, ya zame da yini guda. Haka zanen baƙaƙen tabon da ke fuskar rana: madubi yakan juya hoto, don haka a fara neman alamar gabas da arewa a gefen takarda kafin a auna komai.

Sai batun tawada. Ta ƙarfe ce da ƙullutun da ke fitowa a jikin itace, 'yar'uwar wadda malamanmu ke haɗawa da bagaruwa. Tana fara yin ja-ja, ta ɓullo ta bayan shafi, daga baya ta cinye takardar, harafi ya faɗo ya bar rami. Laima ce ke hanzarta ta. A riƙe ɗaki tsakanin digiri 16 da 20, laima kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, kada ta riƙa hawa da sauka. A cire allura da maƙalin ƙarfe, suna tsatsa. A sa kowace wasiƙa cikin fayil marar asid, a kwance, kuma fensir kaɗai ke shiga ɗakin.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne sake jera takardu don su yi kyan gani. Ɗan guntun lissafi da aka tarar cikin wasiƙa, kan husufin ranar 18 ga Yuli 1860 da ya ɗauki hotonsa a Sifaniya, a bar shi inda yake. Wasiƙar ce kaɗai za ta gaya maka yaushe aka yi lissafin, kuma don wa.