Su Wane Ne Masu Rawani Da Gemun Nan Na Fim Ɗin Indiya?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Duk wanda ya taso yana kallon fim ɗin Indiya ya san mutumin nan, rawani ɗaure tsaf, gemu har ƙirji, ga awarwaron ƙarfe a hannu, yau direban babbar mota gobe soja. Da yawanmu musulmi muka ɗauke shi saboda rawanin, wasu kuma suce ai Hindu ne tunda ɗan Indiya ne. To duk biyun ba haka bane. Sikh ake ce musu, addininsu daban, littafinsu daban. A ƙidayar 2011 Hindu sun kai kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanen Indiya, musulmi 14, kirista 2 da ɗoriya, su Sikh kashi 1.7 ne kacal, wajen mutum miliyan 20 kenan, mafi yawansu a jihar Panjab. Amma fa tarihinsu a sarƙe yake da na musulmi da na Hindu, akwai zumunci a ciki akwai jini.

Abun ya fara ne da Guru Nanak, an haife shi a 1469 a wani ƙauye kusa da Lahore, garin da yanzu ake kira Nankana Sahib a Pakistan. Gidan Hindu ya fito. Koyarwarsa ita ce Ubangiji ɗaya ne, ba a bauta wa gunki, ka ci guminka, ka raba da wanda bashi da shi, kuma ba wanda ya fi wani don gidan da aka haife shi. Abokin tafiyarsa na shekara da shekaru musulmi ne, sunansa Mardana, shi ke kaɗa masa rabab, wani abin kiɗa mai tsirkiya kamar gurmi, shi kuma Nanak yana rera baitoci. Nanak ya rasu a Kartarpur a 1539, kuma labarin da suke bayarwa shi ne har gardama aka yi kan gawarsa, musulmi sunce binnewa za a yi, Hindu sunce ƙonawa.

Yanzu ku ji abin da ya fi bani mamaki. Littafinsu, Guru Granth Sahib, shafi 1430 ne, Guru Arjan, na biyar a jerin shugabannin addinin da suke kira Guru, shi ya fara haɗa shi a 1604, kuma ba maganar shugabanninsu kaɗai ke ciki ba. Akwai baitocin Shehu Farid, sufi musulmi ɗan ɗarikar Cishtiyya da ya rasu kusan shekara 200 kafin a haifi Nanak. Akwai na Kabir, masaƙi. Akwai na Ravidas, baduku, wanda a tsarin Hindu na lokacin ko taɓa shi manya basa yi saboda sana'ar fata. Yau ɗan Sikh in ya shiga wurin ibada ya sunkuya gaban littafin nan, har da maganar badukun yake sunkuya wa.

Sai langar, wato ɗakin girki na kowa da kowa. Ka shiga Gurdwara, haka suke kiran wurin ibadarsu, ka cire takalmi, ka rufe kai ko da hankici ne, a zaunar da kai a ƙasa cikin layi, masu aikin sa kai su biyo da bokiti suna zuba maka miyar wake da gurasa, ba mai tambayarka addininka ba mai karɓar ko sisi. A ƙasar da wani baya cin abinci da wani saboda asali, zaman nan kaɗai wa'azi ne. A babban wurin ibadarsu na Amritsar, mai rufin zinaren nan, dubun dubatar mutane ke ci kullum, kuma ƙofa huɗu gare shi, kowace kusurwa da tata.

To ina takobi ya shigo? Daga fadar sarakunan Mughal, musulmin da ke mulkin Indiya a lokacin. A 1606 sarki Jahangir ya sa aka kashe Guru Arjan, ana zarginsa da goyon bayan ɗan sarkin, Khusrau, da yayi wa ubansa tawaye. A 1675 zamanin Aurangzeb aka fille kan Guru Tegh Bahadur na tara a Delhi, kuma a tarihin Sikh saboda ya tsaya wa Hindun Kashmir ne, mutanen da ba addininsu ɗaya ba. Ɗansa Gobind Singh shi ne na goma. A 1699 ya tara jama'a a Anandpur ya zare takobi yace wa zai bada kansa, mutum biyar suka fito ɗaya bayan ɗaya, cikinsu har da wanzami da mai ga-ruwa, da su aka kafa Khalsa, wato ƙungiyar Sikh da suka yi rantsuwar riƙe addinin da kare shi. Daga nan alamomi biyar suka samo asali: gashi ba a aski, mataji, awarwaron ƙarfe, gajeren wando, da wuƙa. Maza su ɗauki sunan Singh mata Kaur. Rawanin nan gashin yake rufewa. Kafin Gobind Singh ya rasu a 1708 yace ba sauran Guru mutum, littafin ne Guru.

Kar wani yace to ai yaƙin musulmi da Sikh ne kawai, ba haka lissafin yake ba. Lokacin da gwamnan Mughal na Sirhind ya yanke wa ƙananan 'ya'yan Gobind Singh biyu hukuncin kisa, yaran da basu wuce shekara goma ba, wanda ya miƙe yace wannan zalunci ne sarkin Malerkotla ne, musulmi, Sher Muhammad Khan. Ba a saurare shi ba, an kashe yaran, amma Sikh basu manta ba. A 1947 da Panjab ta kama da wuta Malerkotla bata ga irin yankan da aka yi a maƙwabta ba, har yau musulmi ne suka fi yawa a garin. Haka Ranjit Singh, da ya kama Lahore a 1799 ya kafa daular Sikh, ministansa na harkokin waje musulmi ne, Fakir Azizuddin, mai riƙe da baitulmali kuma Hindu. Turawan Ingila suka haɗiye daular a 1849, shekara goma bayan mutuwarsa.

Rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 kam su ta yanka a tsakiya. Layin iyaka ya ratsa Panjab, miliyoyi suka yi ƙaura, musulmi yamma Sikh da Hindu gabas, kowane ɓangare ya kashe an kashe masa. Mahaifar Nanak da Kartarpur duk suka faɗa Pakistan. Kartarpur ɗin kilomita huɗu da wani abu ne daga iyaka, shekaru ana zuwa bakin boda ana hangensa da tabarau mai hangen nesa, sai a Nuwamban 2019 aka buɗe hanyar ziyara ba biza.

Da gwamnatin Indiya ma basu kwashe lafiya ba. A watan Yunin 1984 firaminista Indira Gandhi ta tura soja cikin wurin ibadar Amritsar don fito da masu ɗauke da makamai ƙarƙashin wani malamin Sikh mai suna Bhindranwale, aka kashe mutane da yawa har da masu ziyara. Ranar 31 ga Oktoba masu gadinta biyu 'yan Sikh suka harbe ta, cikin kwanaki kaɗan aka kashe Sikh kusan 3,000 a Delhi kaɗai, ana bi gida gida, kuma rawani da gemun nan su suka riƙa tona musu asiri, wasu dole suka aske don su tsira. Bayan shekara 20 ɗan Sikh, Manmohan Singh, ya zama firaminista a ƙarƙashin jam'iyyar Indira ɗin, shi ne ma ya tsaya a majalisa a 2005 ya nemi afuwa. Shari'a kuwa ta ja ƙafa sosai, sai a 2018 kotu ta yanke wa ɗaya daga manyan 'yan siyasar da aka zarga, Sajjan Kumar, ɗaurin rai da rai.