Kowane aiki da ɗakinsa: yadda ake tsara fuskar kwamfuta

Barkanmu da wannan lokaci. Ku yi tunanin sikirin ɗin wata kwamfuta. Tagogin manhajoji 11 a buɗe, burauza na ɗauke da shafuka sun kai 30, ga imel, ga rahoton da ba a gama ba, ga lissafin kuɗi a ƙarƙashinsu duka. Mai kwamfutar nan ba malalaci ba ne. Ayyuka uku yake yi, kuma dukansu ya zube su wuri guda. Duk sanda ya nemi takarda ɗaya, sai idonsa ya faɗa kan wata, hankalinsa ya bi ta.

Yawancinmu muna tsara kwamfuta ne bisa manhaja: ga wurin rubutu, ga wurin intanet, ga wurin hotuna. Amma kai ba manhaja ka zauna yi ba, aiki ka zauna yi. Rahoto ɗaya yana buƙatar takardar rubutu, shafukan bincike, da foldar da ka tara bayanai. Waɗannan su ne 'yan gida ɗaya, su ya kamata su zauna tare.

Wannan tunani ya daɗe. A 1986, masu bincike biyu a cibiyar Xerox PARC ta Amurka, Austin Henderson da Stuart Card, sun lura cewa mutum na amfani da tagogi ne rukuni-rukuni, kowane rukuni na wani aiki. Sai suka ƙera tsarin da suka kira Rooms, wato ɗakuna. Ka shiga ɗaki, ka tarar da kayan aikinka yadda ka bar su.

Yau kusan kowace kwamfuta na da irinsa, ana kiran kowane ɗaki tebur, wato fuskar kwamfuta ta daban mai tagoginta. Apple ya kawo Spaces a 2007. GNOME 3, wani tsarin fuskar kwamfuta na Linux, a 2011, ya zo da teburan da ke ƙaruwa da kansu gwargwadon buƙata. Microsoft kuwa sai a Windows 10, a 2015, ya saka shi sosai.

Bari mu gwada a Windows. Danna madannin Windows tare da Ctrl da D. Ga sabon tebur nan, wayam. Kada ka tsorata, tagoginka ba su ɓace ba, suna can a tebur na farko. Windows da Ctrl da kibiyar hagu ko dama za su kai ka su dawo da kai. Windows da Tab kuma za su nuna maka teburan gaba ɗaya, daga nan sai ka ja taga da linzami ka ajiye ta inda ta dace. Ka ba kowane tebur suna, kuma sunan aikin za ka ba shi: "Rahoto", "Shafin kwastoma", "Lissafi". A Windows 11 har hoton bango daban za ka iya saka wa kowanne, da kallo ɗaya ka san inda kake.

Inda abin ya fi burge ni shi ne KDE Plasma, wani tsarin fuskar kwamfuta na Linux. Suna da teburan nan, sannan suna da wani abu sama da su mai suna Activities, wanda ya samo asali tun zamanin KDE 4. Tebur na yau da kullum tagogi kawai yake raba maka. Shi wannan kuwa kowane aiki na samun bangonsa, da ƙananan kayan da ke kan fuskarsa, da jerin takardun da ka buɗe kwanan nan, har manhajojin da ka fi so a menu suna iya bambanta. Kana iya sa fuskar ta nuna foldar aikin kai tsaye. Kana iya kafa doka cewa wata manhaja kullum a aiki kaza za ta buɗe. Danna Meta (wato madannin Windows) da Q, ka zaɓi aikin, sai ka ga kamar ka sauya kwamfuta. Mutane da yawa sun gwada sun bari saboda ba su ga bambancinsa da tebur ba, kuma a ganina sun yi gaggawa.

Sai dai fa, tebur kaɗai ba ya riƙe aiki. Idan ka kashe kwamfuta, sau da yawa sai ka sake buɗe tagogin da kanka. Abin da ba ya gushewa shi ne folda. Saboda haka kowane aiki ya samu folda guda, komai nasa a ciki, kada rabi ya kwana a wurin saukar da fayil. Burauza ma haka: Chrome da Firefox duk suna ba ka damar buɗe furofayil daban, kowanne da shafukansa da asusunsa.

Kada kuma ka buɗe tebur 10. Uku ko huɗu sun isa, na ayyukan da kake taɓawa a makon nan. Imel da saƙonni ka ware musu nasu can gefe, ka riƙa zuwa da ƙafarka maimakon su riƙa faɗo maka. Aikin da ya ƙare, ka rufe tagoginsa tukuna, sannan Windows da Ctrl da F4 su rufe teburin, domin idan ka rufe shi da tagogi a ciki, za su koma teburin da ke kusa ne.