Komawa Kan Dokar Laifuka Bayan An Faɗi Jarrabawar Kaoyan

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. A ƙasar Sin, duk watan Disamba ana zama jarrabawar shiga digiri na biyu, wadda ake kira kaoyan. A zangon 2023, mutum miliyan 4.74 ne suka yi rajista. Mafi yawansu ba sa samun gurbi. Da yawa daga cikin waɗanda suka faɗi sukan kama ɗaki kusa da jami'a, su biya kuɗin kujera a ɗakin karatu na haya, su sake ɗaura ɗamara har shekara guda. A kan waɗannan masu dawowa za mu yi magana yau, musamman masu neman fannin shari'a.

Jarrabawar tasu maki 500 ce. Siyasa 100, harshen waje 100, sai takardu biyu na shari'a, kowace 150. A ta farko, dokar laifuka ke da rabi, maki 75, sauran kuma na dokar mu'amala ne.

To, ga inda gizo ke saƙa. Wanda ya faɗi, zuciyarsa a karye take, sai ya ga kamar bai san komai ba, ya koma shafin farko yana hadda. Dokar laifuka ta Sin, wadda aka yi a 1979 aka sake fasalinta a 1997, tana da sashe 452. Hadda tana da amfani, babu shakka, amma ba nan ake zubar da maki ba. Ana zubar da su ne a iyakar da ke tsakanin laifi da laifi.

Ku duba wannan. Wani ya shiga shago ya ɗauke waya ya sa a aljihu. Sata ce, sashe na 264. Mai shagon ya kama rigarsa a bakin ƙofa, shi kuma ya zaro wuƙa don ya kuɓuta. Nan take magana ta canza: sashe na 269 ya ce ɓarawon da ya yi amfani da ƙarfi ko barazana nan take, a wurin satar, don ya kuɓuta, a hukunta shi a matsayin ɗan fashi, kuma hukuncin fashi daga shekara uku yake farawa. Idan kuwa sai washegari mai shagon ya gamu da shi a kasuwa suka ba hammata iska, sharaɗin "nan take" ya faɗi, ba a mayar da satar fashi ba. Masu tsara tambaya kalma ɗaya suke sauyawa a labarin, amsa ta juye. Shi ya sa nake ganin mai dawowa ya fara da tsofaffin tambayoyin da ya kuskure, ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar kansa: wane ne ya aikata, me ya aikata, da wace niyya, wane haƙƙi aka keta? Waɗannan rukunai huɗu su ne ma'aunin da wannan jarrabawa ke bi.

Sai kuma a kula da tsohon littafi, domin dokar tana canzawa. Tun ranar 1 ga Maris, 2021, yaron da ya cika shekara 12 amma bai kai 14 ba na iya ɗaukar alhakin kisan kai na ganganci, idan babban ofishin masu gabatar da ƙara na ƙasa ya amince. A Maris na 2024 ma wani gyaran ya fara aiki, kan cin hanci. Kafin a buɗe littafin bara, a duba shekarar da aka buga shi.