Littafin Da Malami Yake Da Ikon Gyarawa

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, shugabannin makarantu, 'yan'uwana malamai, ɗalibai, barkanmu da warhaka.

An ce in yi magana a kan buɗaɗɗun kayan karatu da tasirinsu a aji. Da zarar an ambaci wannan batu, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne kyauta: littafi kyauta, bidiyo kyauta. To, kyautar tana nan, ba na musu. Amma intanet cike take da abubuwan da za ka kalla ba ka biya ko sisi ba, alhali ba ka da izinin canza harafi ɗaya a ciki, ko ka buga ka raba wa ɗalibanka. Abin da ya bambanta kayan da muke magana a kai shi ne izini. Mai littafin ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa ka ɗauka ka ajiye kwafinka, ka koyar da shi, ka gyara, ka haɗa shi da wani, ka kuma raba wa wasu. Waɗannan izini biyar wani masanin ilimi, David Wiley, ne ya tsara su haka, kuma a wurina na ukun nan, wato gyara, shi ne ƙashin bayan maganar.

Tarihin ba mai tsawo ba ne. A shekarar 2001 jami'ar MIT ta Amurka ta sanar cewa za ta zuba kayan darussanta a intanet kowa ya ɗiba. A 2002 hukumar UNESCO ta yi taro a Paris inda aka raɗa wa wannan harka suna. A ƙarshen shekarar kuma ƙungiyar Creative Commons ta fitar da lasisinta na farko, wanda ya ba marubuci hanya mai sauƙi ta faɗin abin da ya yafe da abin da ya riƙe. A watan Nuwamba na 2019 ƙasashen da ke cikin UNESCO suka amince da shawara guda kan buɗaɗɗun kayan karatu, wadda ta ƙarfafa gwamnatoci su saki kayan karatun da aka yi da kuɗin jama'a a buɗe.

Yanzu mu shiga aji, don nan ne gizo ke saƙar.

Ku ɗauki malamar kimiyya da ta samu babi a kan yanayi. Babin ya yi kyau, zanensa ya fito, bayaninsa a tsare. Sai dai an rubuta shi ne don yaran da ke ganin dusar ƙanƙara, ga yanayi huɗu a shekara, alhali ɗalibanta damina da rani suka sani. In littafin rufaffe ne, iyakarta ta tsaya gaban allo ta ce, "Ku yi haƙuri, wannan misalin ba namu ba ne." In buɗaɗɗe ne, sai ta buɗe shi a kwamfuta, ta bar bayanin karkatar duniya da zagayenta ga rana yadda yake, ta cire misalan da ba su dace ba, ta sa waɗanda yaran ke gani da idonsu, ta sauƙaƙa jimlolin da suka yi nauyi, ta ƙara tambayoyi irin na jarrabawar da za su zauna. Daga nan ta rubuta sunan marubucin asali a ƙasa, ta nuna cewa ta yi gyara, ta buga. Malamin makarantar da ke kusa ya karɓa, shi ma ya ɗora nasa. Babu wanda ya yi sata a nan, kuma babu wanda ya fara daga tushe.

Abin da ya fi burge ni a wannan shi ne abin da yake yi wa ita malamar. Ba ka iya gyara babi sai ka fahimce shi ciki da bai. Dole ka tambayi kanka: me nake so yaro ya fita da shi? Wane misali ne zai kama? Malamin da ya saba da irin wannan aiki ya tashi daga mai karanta littafin wani a gaban yara, ya koma mai tsara darasinsa. Shirin TESSA, wanda Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ta fara tare da jami'o'in Afirka a 2005, a kan wannan tunanin aka gina shi: kayan horar da malamai da kowace ƙasa za ta daidaita su da manhajarta.

Sai maganar harshe. Kamfanonin ɗab'i ba sa zuba kuɗi inda ba su hango riba ba, shi ya sa yara da yawa a duniya ke fara karatu babu littafin labari ko ɗaya cikin harshen da suka tashi da shi. Dandalin African Storybook na ƙungiyar Saide a Afirka ta Kudu, da StoryWeaver na Pratham Books a Indiya, sun buɗe labaran yara da hotunansu, duk mai iyawa ya fassara. Labari ɗaya sai ka same shi cikin harsuna masu yawa, har da Hausa. Yaron da ya fara haɗa baƙi da harshen uwarsa ba ya kokawa da abu biyu lokaci guda, wato sautin haruffa da ma'anar kalmomi.

Ga ɗalibai manya kuwa, bari in ba ku misalin PhET, dandalin gwaje-gwajen kimiyya a kwamfuta, wanda Carl Wieman, mai lambar Nobel a kimiyyar fiziks, ya kafa a Jami'ar Colorado a 2002. Ɗalibi yana jan waya a fuskar kwamfuta, ya haɗa batir da ƙwan fitila, ƙwan ya kama. Ya ƙara batir, haske ya ƙaru. Ya haɗa wannan bakin batirin da wancan bakin da waya kai tsaye, sai ya ga wuta ta tashi a hoton. Makarantar da ba ta da ɗakin gwaji ta samu abin nunawa. Amma ina roƙonku, kada a mai da wannan hujjar ƙin sayen kayan gwaji. Hannun da ya riƙe waya ta gaske ya san abin da hoto ba zai koya masa ba.

Wani zai ce, abin da aka bayar kyauta yana da inganci kuwa? Tambaya ce mai kyau. OpenStax na Jami'ar Rice, da ya fara fitar da littattafai a 2012, masana ke rubuta su, wasu masanan su duba, kamar kowane littafin kasuwa. Littattafan lissafi da kimiyya na ƙungiyar Siyavula, gwamnatin Afirka ta Kudu ta buga miliyoyin kwafinsu ta raba wa makarantu. A 2016 wani masani, John Hilton, ya tattara bincike 16 da aka yi a manyan makarantu, ya ga cewa galibi sakamakon ɗaliban da suka yi amfani da buɗaɗɗun littattafai bai gaza na sauran ba. Ku lura, wannan a manyan makarantu ne, kuma abin da ya nuna shi ne ba a yi asara ba. Lasisi ba ya sa littafi ya yi kyau. Akwai tarkace da yawa masu ɗauke da buɗaɗɗen lasisi, kuma malami ne zai tace.

Nan ne nake so shugabannin makarantu su ba ni kunnuwansu. Nema, tacewa, gyara, daidaitawa da manhaja, duk aiki ne mai cin lokaci. Malamin da ke da aji cike maƙil, ga tarin takardun maki, in ka ce masa "ai komai na intanet," ka ƙara masa kaya ne kawai. Mun ga haka a 2020, lokacin da annobar korona ta rufe makarantu, ɗalibai sama da biliyan ɗaya da rabi suka zauna a gida. Kayan karatu suna nan jibge, amma mai na'ura da intanet da malami mai bibiyarsa shi ya ci gaba, wanda ba shi da su aka bar shi a baya. Wannan abu yana damuna ƙwarai, don kayan da aka buɗe saboda marar ƙarfi suna iya ƙarewa a hannun mai ƙarfi.

Rashin intanet yana da magani. Manhajar Kolibri da Kiwix an yi su ne don a sauke darussa ko Wikipedia sau ɗaya, a yi ta amfani da su ba tare da intanet ba. Takarda ma tana nan. Lasisin ya yarda a buga. Abin da ba a saukewa shi ne lokacin malami. Don haka a ware sa'o'i a cikin jadawalin mako, malaman darasi ɗaya su zauna tare, wannan ya ɗauki babi, wancan ya ɗauki babi, wani ya duba aikin ɗan'uwansa kafin ya isa hannun yara. A kuma lissafa wannan aiki idan an zo ƙarin girma.

Kafin ku taɓa kowane abu, ku duba alamar lasisinsa, yawanci tana ƙasan shafi ko a farkon littafi. In kun ga BY, ku ambaci mai shi. In akwai SA, abin da kuka gyara ku sake shi da irin lasisin da kuka same shi. NC na nufin ba a kasuwanci da shi. In kuwa ND kuka gani, kuna iya rabawa yadda yake, amma ba a yarda ku raba gyararren kwafi ba, har da fassara, don haka malamar da na ba ku misalinta sai ta nemi wani babin.

Shugaban taro, a nan zan dakata, in akwai masu tambaya bismillah.