Anarcha, Lucy da Betsey: matan da aka koyi ɗinkin yoyon fitsari a jikinsu

Lacca ce da aka gabatar wa ɗaliban jinya da na ungozoma, aka rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya, kuna ji na? To, madalla. Wanda wayarsa ta fi ƙarfinsa ya jefa ta aljihu, ni ma na kashe tawa.

An ce in yi magana a kan wariyar launin fata da tabon da take bari, musamman ga mata baƙaƙen fata a Amurka. Abu huɗu na tsara: tarihi, alƙaluma, yadda abin ke cin jiki a hankali, sai kuma abin da matan suke yi da kansu.

Na farko, tarihi. Ku da kuka shiga ɗakin duba mata, kun san ƙarfen nan mai lanƙwasa biyu da ake buɗe gaban mace da shi. Kun san kwanciyar nan ta gefen hagu da ake sa mace ta yi kafin a duba ta. Sunan wa ke kansu? Sims, ko ba haka ba? Kun haddace shi don jarrabawa. To yanzu wa ya san Anarcha? Ku ɗaga hannu. Babu ko ɗaya. Kada ku ji kunya, ba laifinku ba ne, haka aka rubuta littattafan.

James Marion Sims likita ne a garin Montgomery na jihar Alabama, zamanin da bauta ke kan ganiyarta. A 1845 aka kira shi wata gona, ga wata baiwa mai kimanin shekara 17 ta kwana uku tana naƙuda. Anarcha ke nan. Ba sai na faɗa muku abin da doguwar naƙuda ke yi ba. Kan jariri ya danne mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ɓule. Yoyon fitsari. Ita Anarcha har da na bayan gida. Wannan ciwon ba baƙonmu ba ne. Duk wadda ta je Babbar Ruga a Katsina ta ga matan da ke zaune da shi: tabarma kullum a jiƙe, cinyoyi sun sale, miji ya gudu, kishiya na toshe hanci. Ku riƙe wannan hoton a ranku, sannan ku ƙara masa cewa ita wannan yarinyar dukiyar wani ce, kamar yadda saniyarsa take dukiyarsa.

To me ya sa masu bayi suka damu? Ba tausayi ba ne. Tun 1808 aka haramta shigo da bayi Amurka daga Afirka, saboda haka hanyar ƙara bayi ita ce haihuwa. Baiwar da ke yoyo ba ta aikin gida, ba ta kuma haihuwa, ta zama asara. Sai Sims ya yi yarjejeniya da iyayengijinsu: ku ba ni su, ni zan ciyar da su, in gwada ɗinki a kansu. Ya yi ɗan ƙaramin asibiti a bayan gidansa, ya tara mata wajen goma. Uku kawai muka san sunansu, Anarcha da Lucy da Betsey. Sauran ko suna bai rubuta ba.

Lucy aka fara yi wa. A durƙushe take bisa gwiwoyi da gwiwar hannu, tsirara, likitoci maza wajen goma sha biyu suna tsaye suna kallo, aikin ya ɗauki kusan awa guda, babu allurar barci, babu ta kashe zafi. Ya bar soso a ciki don ya janye fitsari, wurin ya ruɓe, guba ta shiga jini, da ƙyar ta sha. Shi da kansa ya rubuta cewa azabar da ta sha ta kai matuƙa. Shi da kansa! Ba maƙiyinsa ne ya faɗa ba.

Daga 1845 zuwa 1849 ana wannan abu. Anarcha kaɗai an yi mata tiyata sau 30. Ku maimaita. Sau 30. Ku da allurar rigakafi ɗaya ke sa ku ihu (dariya). A ɗinke, ya warware, a jira, a sake ɗinkewa. Da abokan aikinsa suka gaji suka daina zuwa, su wa suka zama mataimakansa? Matan nan. Su ke riƙe ƙarfen, su ke danne 'yar'uwarsu, gobe kuma a danne su. Wato su ne ma'aikatan jinyar farko na wannan fanni, ku sani, magabatanku ne a wannan aiki. A ƙarshe ya bar zaren siliki ya koma siririyar wayar azurfa, ɗinkin ya kama. Ya tafi New York, ya kafa asibitin mata a 1855, ya yi suna har Turai, a 1876 ya zama shugaban ƙungiyar likitocin Amurka, aka yi masa laƙabi da uban ilimin cututtukan mata.

Bari in yi adalci, don akwai likitoci masu kare shi, kuma wasunsu mutanen kirki ne da suka yi aikin yoyon fitsari a nan Afirka. Suna cewa ai maganin sa barci sai a Oktoba 1846 aka nuna shi a Boston, bai yaɗu nan da nan ba, likitoci da yawa suna tsoronsa. Gaskiya ne. Suna cewa matan suna son waraka. Wannan ma ban musa ba, wace ce ke son zama da yoyo? Amma ni tambayata ɗaya ce: da Anarcha ta ce ta gaji a tiyata ta goma, wa zai saurare ta? Wanda ba shi da ikon cewa a'a, to "i" ɗinsa ba ta da nauyi. Kuma duk abin da muka sani game da ra'ayinsu daga alƙalaminsa ya fito. Shi ya yanka, shi ya ba da labari, shi ya ce sun yarda. A wace kotu ake karɓar irin wannan shaida?

Wannan shi ne abin da ake nufi idan an ce a sa mata baƙaƙe a tsakiyar magana. Ba kwalliya ba ce. Labari ɗaya ne, amma in ka tsaya inda likita ya tsaya, za ka ga nasarar kimiyya. In ka durƙusa inda Lucy ta durƙusa, wani abu dabam za ka gani. Shekara fiye da ɗari ana ba da shi daga tsaye.

Kai, na cinye lokaci. Ina muke? Na uku ko? Na biyu? To, na biyu.

Kada ku ce ai zamanin bauta ne, ya wuce. A 1951, a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, aka yanki ƙwayoyin halitta daga sankarar bakin mahaifar wata baƙar mace, Henrietta Lacks, ba da saninta ba. Ta rasu a shekarar tana da shekara 31, ƙwayoyin kuwa har yau ana bincike da su a duniya, har a aikin rigakafin shan-inna sun yi amfani. A 1961 wata baƙar mace, Fannie Lou Hamer, ta shiga asibiti a Mississippi a cire mata ƙari, aka haɗa da mahaifarta ba a tambaye ta ba. A 1973, a Montgomery ɗin nan dai, aka juya mahaifar wasu 'yan mata baƙaƙe, 'yan'uwa biyu 'yan gidan Relf, ɗaya 14 ɗaya 12, uwarsu ba ta iya karatu ba, aka ba ta takarda ta yi alama, tana zaton allurar tazarar haihuwa ce.

Alƙaluma kuma, a gurguje. A 2021 a Amurka, a kowace haihuwa 100,000 ta mata baƙaƙe, kusan 70 suka mutu, a ta farare kuwa kusan 27. Na san namu ya fi haka muni nesa ba kusa ba, amma ku lura, ƙasa ɗaya ce, asibitoci ɗaya. Wani zai ce talauci ne. To, binciken hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ya nuna baƙar mace mai digiri ta fi shiga haɗarin mutuwa wajen haihuwa a kan farar da ko sakandare ba ta gama ba. Serena Williams, shahararriyar 'yar wasan tenis ɗin nan, talaka ce? A 2017, washegarin da aka yi mata tiyatar haihuwa, numfashinta ya fara sarƙewa. Ta san jikinta, ta taɓa yin gudan jini a huhu. Ta ce a ɗauki hoton ƙirjinta, a sa mata maganin tsinka jini. Aka ɗauka maganin ciwo ne ya ruɗa ta. Da aka ɗauki hoton daga baya, ga gudajin jini a huhu. A 2016 kuma, a Jami'ar Virginia, an tambayi ɗaliban likitanci da ƙananan likitoci farare 222, kusan rabinsu suka yarda da aƙalla ɗaya daga cikin ƙarairayin da aka jero musu, irin su wai fatar baƙi ta fi kauri. Masu wannan tunanin sun fi raina ciwon majinyaci baƙi. Kun ga igiyar ba ta tsinke ba tun daga bayan gidan Sims.

Sai batun cin jiki, wanda na so in daɗe a kansa amma ba hali. Wata mai bincike, Arline Geronimus, a 1992 ta lura cewa farar mace ta fi samun lafiyayyen jariri a shekarunta na ashirin da wani abu, ita kuwa baƙa, lafiyarta tun a lokacin ta fara zaizayewa. Bayaninta shi ne zaman ɗar-ɗar na kullum: a bi ki da ido a kanti, a raina ki a ofis, ɗanki ya fita ki kasa barci sai ya dawo. Jini ya hau, zuciya ta gaji, kamar yadda igiyar guga ke cin bakin rijiya, yau da gobe.

Na ƙarshe, na biyar... na huɗu, to, na gode. A 2017 wasu 'yan mata baƙaƙe suka tsaya gaban mutum-mutumin Sims a gefen Central Park sanye da rigunan asibiti da aka yayyafa wa jan fenti. A Afrilu 2018 hukumar birnin New York ta sauke shi. A 2021 wata mai fasaha, Michelle Browder, ta kafa na Anarcha da Lucy da Betsey a Montgomery, da tarkacen ƙarafa ta ƙera su, na Anarcha ƙafa 15, da rami a mararta. Na ga hannu a can. Bismillah, ɗana.

Tambaya: Ranki ya daɗe, Malama, mu a nan likita baƙi ne, majinyaciya baƙa ce. Ina ruwanmu da wannan?

Ka yi tambaya. Zauna. Da farko, ka tambayi iyayenka na Kano labarin 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya sa yara wajen 200 cikin gwajin maganin Trovan. Iyalai suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Da aka zo ƙin rigakafin shan-inna a 2003, wannan labarin yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Uwar da ta rufe ƙofa ga mai ɗigon rigakafi, ba jahilci kaɗai ba ne, akwai abin da ta tuna.

Na biyu kuma, wannan da ku nake. Cire launin fata, ka bar sauran. Mace ta zo daga ƙauye, ba Turanci, wataƙila Hausar ma sama-sama, Fulatanci take ji. Wa ke sa hannu a takardar tiyata? Miji, ko wan miji. An yi mata bayanin abin da za a cire? Tana ihun naƙuda, me ake ce mata? Ku faɗa mana, kun sani. "Ke, rufe mana baki, ni na yi miki cikin?" Kuna dariya saboda kun ji ana faɗa. Ita kuma an raine ta da kunya da dauriya, haihuwar fari ko uhum ba a son ta ce, to ranar da ta buɗe baki ta ce akwai ciwo, wallahi akwai shi. Kuma in an kai ku zagayen ɗaki, ku goma kuka kewaye gado, malami ya yaye mata zane yana nuna muku, wa ya tambaye ta? Ni ɗalibaina, ɗaya zai fara shiga ya gaishe ta da sunanta, ya ce Baba ko Yaya, ɗalibai ne, kin yarda su duba? In ta ce a'a, mu wuce gado na gaba.

Ke mai shuɗin hijabi, tun ɗazu hannunki a sama. A miƙa mata makirfo.