Abin da Ya Sa Aka Dawo Mana da Kwalayen Littattafai Daga Ƙofar Gidan Yari

[Hoto: bidiyon da ya yaɗu, keke ɗauke da kwalaye a bakin ƙofa]

Wannan bidiyon kun gan shi. Bai kai minti ɗaya ba, amma ya zaga WhatsApp da Facebook tun daga Birnin Kebbi har Yauri. Keke ya tsaya, an sauke kwalaye, gandiroba ya buɗe ya leƙa, aka mayar da su cikin keke. Sai sharhi ya ɓarke. Wasu suka ce na goro ake nema, wasu suka ce rashin imani ne. Wani bawan Allah ma cewa ya yi daidai ke nan, ina ruwan ɓarawo da littafi.

To, kwalayen nan namu ne. Wancan mai farar hular da ke ta yarfa hannu kamar an kama shi da akuyar sata, ni ne. Kuma ba wanda ya nemi ko sisi a hannunmu. Mu ne muka tsallake mataki guda, shi ne zan tsaya a kansa yau. Sauran zan bi da gudu.

[Hoto: yara a kan tabarma, gindin dogon yaro]

Ga mafarin. Duk Asabar bayan la'asar muna tara yaran unguwa, wata malama ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", su amsa "ta zo mu ji ta". Na sani, kakanninmu sun hana tatsuniya da rana. Su yafe mana, yanzu wane uba ne zai bar ɗansa waje bayan isha'i? In an gama, kowane yaro ya rubuta abin da ya riƙe, wanda bai iya rubutu ba ya zana. Ku dubi wannan, wai Gizo ne. Ni dai kaza nake gani.

Ran nan labari ya kai inda aka ɗaure Gizo, yara na ta shewa, sai wata yarinya ta ce, "Malama, to wa zai kai masa tuwo?" Ashe mahaifinta na tsare, ya fi shekara yana jiran shari'a. Ba wanda ya koya wa yaran nan komai, su da kansu suka ce a tara wa mutanen ciki littattafai, tunda tuwo ba zai kai ba.

[Hoto: yara suna bin gida gida]

A taƙaice, doka ba ta hana ba. Tun 2019 da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, sunan ma ya koma Hukumar Gidajen Gyaran Hali, kuma ilmantar da fursuna na cikin aikinta. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela, ƙa'ida ta 64 cewa ta yi kowane kurkuku ya kasance da ɗakin karatu. Jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, ma tana karantar da fursunoni kyauta. Hanya kuwa sananniya ce: takarda zuwa ga kwanturolan jiha, sai shugaban gidan, sai jami'in walwala ya sa muku rana. Mun yi duk wannan. Abin da ba mu yi ba shi ne tantancewa.

[Hoto: ana zazzage kwalin farko a ƙasa]

Ga abin da muka kwasa muka kai. Ku kalla da kyau, ba zan ɓoye kunyarmu ba. Littafin kimiyyar sinadarai na jami'a, gara ta cinye rabi. Ɗan littafin da ke zuwa cikin kwalin janareta. Kundin alkawuran wani ɗan takara, kwafi ashirin, ko buɗe su ba a taɓa yi ba. Kalandar biki. Mutane sun ji ana neman sadaka, sai suka share ɗaki da mu.

Rariya biyu ce littafi ke bi kafin ya shiga. Ta farko ta gandiroba ce, kuma ita ce kuka gani a bidiyo. Shi ba labarin yake karantawa ba, jikin littafin yake dubawa. Wayar ƙarfen nan da ake naɗe takardu da ita, a waje ba komai ba ce, a ɗakin da ke cike da mutane makami ce. Bango mai kauri ana iya farke shi a cusa layin waya, ko reza, ko ƙwaya, a mayar a liƙe. Rubutun hannu a gefen shafi yana iya zama saƙo. A kwalinmu na biyu an tsinci lambar waya da wasiƙar soyayya, wadda ba zan karanta muku ba saboda mai ita yanzu tana da jikoki. Mutum ɗaya ba zai zauna a rana yana buɗe littafi ɗari uku shafi shafi ba. Ya ce mana, "Malam, ku koma ku tsabtace, ku rubuto jerin sunayensu." Wannan maganar ce makirufo bai ɗauka ba.

Rariya ta biyu kuwa tamu ce, kuma ita ce ta fi wuya, don ba ta a rubuce a kowace doka. Tambaya ce guda: wa zai karanta?

[Hoto: hannu yana ware littattafai kashi kashi]

Mu da muka yi boko, in aka ce littafi, sai ranmu ya tafi ga mai kauri, mai Turanci. Gani muke girman kyauta a nauyinta yake. Amma ku tuna su wane ne a ciki. A faɗin Najeriya, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare ba a yanke musu hukunci ba, jira suke. A nan wajenmu da yawansu manoma ne, masunta, makiyaya, ƴan kabu-kabu, wasu ko aji uku ba su kai ba a firamare. Ka miƙa wa irin wannan mutumin littafin lauya mai shafi ɗari biyar, matashin kai ka ba shi. Ba laifi, matashi ma alheri ne, amma ba shi muka yi niyya ba.

Kuma kar a ce jahilai ne, wannan kalmar tana ba ni haushi. Da yawansu sun yi makarantar allo, suna karanta ajami tsaf. Ɗauko takardar naira dubu ka duba, ajamin da ke jiki shi zai karanta maka, kai mai digiri kana zare ido. Ƙasar da kabarin Malam Abdullahin Gwandu yake, ƙasar da waƙoƙin Nana Asma'u suka shiga ƙauyuka ta bakin jaji, wato malamai mata masu bin ƙauyuka, da ɗalibansu ƴan taru, ba ita za a koya wa darajar rubutu ba. Abin da ya rage wa mutumin nan gada ce daga baƙaƙen da ya sani zuwa na boko. Gadar nan kuwa siririya ce: shafi goma sha shida, manyan baƙaƙe, hoto a kowane shafi, Hausa, da labarin da ya riga ya sani tun yana goye. In ya san Gizo zai yaudari kura, to idan ya ci karo da kalmar da ta gagare shi, labarin ne zai ja shi ya haye.

Wato abin da muke ta nema gida gida yana nan a kan tabarmarmu tun farko. Littattafan yaran ne.

Don haka yanzu kashi huɗu muke yi. Na masu fara karatu, shi ne mafi yawa. Na masu shirin jarrabawar WAEC da NECO, na manhajar yanzu, ba ta zamanin iyayenmu ba. Na sana'a, ɗinki, kafinta, kiwo. Sai na addini, wanda muke miƙawa daban ta hannun limami ko fasto, don mutumin Zuru da ke son Littafi Mai Tsarki da Hausa shi ma yana ciki, kuma Alƙur'ani ba a jefa shi kwali ɗaya da kalanda.

[Hoto: ƙofar gidan yari daga nesa, ba motsi]

Daga nan hotunanmu sun ƙare. Ba a shiga da kyamara, wayoyinmu ma a ƙofa muka bari. Sai dai ku kalli ƙofar nan, ni kuma in gaya muku.

Mako uku bayan wancan bidiyon muka koma da kwali ɗaya tal. Aka zaunar da mu a inuwa. Wani mutum, zai yi shekara arba'in, ya ɗauki ɗaya daga cikin na yaran. Ya ɗora yatsa. Layin farko ya ɗauke shi lokacin da za ka sha shayi ka gama. Na kusa da shi suna ta dariya ƙasa ƙasa. Da ya kai layi na huɗu dariyar ta tsaya, saboda an fara gardama: wani ya ce a Argungu ba haka labarin ya ƙare ba, kura ce ta ci riba, wani mutumin Jega ya ce ƙarya ne. Gandiroban da ke tsaye, wanda ya kamata ya tsawatar, shi ma ya sa baki, ya goyi bayan Jega.

Da za mu tashi, mutumin ya riƙe littafin, ya ce, "Malam, wanga a bar min shi har ranar ziyara. Ɗiyata nika son in karanta ma." Jami'in walwala ya rubuta sunansa a rajistar aro.

[Hoto: yara da allura da zare]

Wannan kuma Asabar ɗin da ta wuce ce. Mun daina amfani da ƙusar ƙarfe, da zare muke ɗinke littattafan yaran. Ba sunan yaro a jiki, ba sunan unguwa, zane kawai da labari. In za ku kawo mana, ku buɗe kowane shafi tukuna, ku goge rubutu, ku cire abin da kuka manta a ciki. Mai janareta kuma, littafinka na nan, ka zo ka karɓa.